Ɗanɗanon Ruwa

Shekara arba'in ina shiga ƙasa da igiya a ƙugu,
daga Kalfu har Bambai ba garin da ban bar rami ba.
Tankari mai rijiya, haka ake kira na a Tawa.
Gaba talatin, gaba arba'in,
sai laka ta yi sanyi a tafin ƙafa,
in ɗebo da hannu in kai baki,
harshena ya yanke wa gari hukunci:
wannan na mutane ne, wannan a bar wa dabba ruwa.

Barira ce autata.
Ta yi boko har boko ya gaji da ita,
ta kawo takarda mai hatimi biyu,
muka sa a leda, muka sa ledar ƙasan akwati.
Damina uku takardar tana barci.
Ita kuwa tana bakin tasha da ƴar laima,
tana sayar da katin waya ga masu tafiya Abijan,
kowace mota ta tafi da ɗan wani, ba ranar dawowa.

Wata Laraba rediyo ya ce gwamnati ta buɗe horo,
wata shida, kyauta, don masu takarda marasa aiki,
wasu wutar rana, wasu gyaran na'ura, wasu awon ruwa.
Na ce, ruwa kuma da awo? Gero ne?
Ta yi dariya, ta ɗauki hoto huɗu da takardar haihuwa.
Mutum ɗari bakwai suka sha rana a layi,
aka ɗauki sittin.
Sunanta na hamsin da takwas,
can ƙasa, inda takardar bango ta fara ɓamɓarewa.

Yanzu da asuba take fita, farar riga a jaka.
An ce jika goma sha biyar duk wata, na abin hawa.
Na fari ya zo. Na biyu ya yi nawa.
Na uku har yau yana hanya daga Yamai,
ina jin a ƙafa yake tahowa.

Da dare takan jera mini sunayen gishirin da ke cikin ruwa,
sunaye dogaye kamar igiyar guga.
Wai akwai wanda ido bai gani, harshe bai ji,
yana rina haƙoran yara,
yana tanƙwara ƙashi sannu sannu.
Na yi shiru.
Na tuna ƙauyen da na yi wa rijiya shekarar fara,
na kurɓa na ce garɗi,
mata suka yi guɗa, aka ba ni tunkiya da ɗanta.
Na tuna yaran garin in suna dariya,
haƙora ja kamar na tsoho mai goro.
Ban faɗa mata ba.
Na ce ta rage fitila, barci na zuwa.

Jiya muka hau motar kasuwa,
ni da ita da akwatin kwalabe.
Rijiyar tana nan, bakinta ya sha igiya har ya yi tsagu.
Ta zura guga yadda na koya mata tana ƙarama,
ba ta bari ya bugi bango ba.
Ta ɗiga magani, ta ɗaga kwalba ga rana,
ta daɗe tana kallo,
ni ina kallon fuskarta kamar mai jiran alƙali.
Ta rubuta lamba a littafi.
Ta ce, Baba, sai an kai ɗakin awo,
kwana uku kafin sakamako ya fito wa kowa.

Saura wata guda horo ya ƙare.
Ba wanda ya ce ga aiki.
Wataƙila takarda ta biyu ta je ta tarar da yayarta a akwati.
Wannan na Allah ne da na masu ofis.

Amma da muka tashi tafiya,
hannuna ya yi abin da ya saba,
ya shiga guga, ya nufi baki.
Ta riƙe mini wuyan hannu. Ta ce, dakata.
Shekara arba'in ba wanda ya hana ni ruwan rijiyata.
Na dakata.
Na buɗe yatsu,
muka tsaya muna kallon ƙasa tana shanyewa.